Tarihin Lambuna da Filayen Birnin Kano, da Abin da Baƙo Zai Iske a Cikinsu

1. Gabatarwa

Mutumin kudancin ƙasar Katsina, watau na wajen Tafoki da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, in ya tashi zuwa Kano, galibi ta Funtuwa ko ta Malumfashi ya ke bi, ya faɗa Dayi, ya wuce Gwarzo da Rimin Gado, ya shiga birni ta Kabuga. In ya gama abin da ya kawo shi, ko ciniki ko asibiti ko gaisuwar 'yan'uwa, ya ce a kai shi inda zai sha iska, kusan ko wane Bakano wuri ɗaya zai nuna masa, shi ne gidan namun daji da a ke kira Gidan Zu. A can sai ya biya kuɗi a ƙofa kafin ya zauna a inuwa. Wannan kuwa baƙon abu ne gare shi, gama a inda ya fito ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suna nan tsaye cikin gonaki, ba a taɓa sayar wa kowa inuwarsu ba.

Abin da wannan takarda za ta bincika shi ne yadda aka yi birnin da matafiyan ƙarni na 19 suka iske galibin cikinsa gonaki ne da lambuna ya zama birnin da a ke neman inuwa da kuɗi. Amsar da zan ba da a taƙaice ita ce, ko wane fili na Kanon dā yana da aikin da ya ke yi wa gari, yana da mai tsaronsa, yana kuma da sunansa. Sa'ad da aikin ya faɗi, mai tsaron ya kau, sai gini ya ci filin, sunan kaɗai ya saura. Shaidun da zan dogara a kansu iri uku ne: littafin nan na Larabci na tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya juya da Ingilishi a 1908, da labarin matafiya, da kuma shi kansa harshen Hausa.

2. Abin da harshe ya nuna

Sau da yawa masu fassara su kan yi kukan cewa Hausa ba ta da kalma guda wadda za ta tsaya a madadin filin nan mai ciyawa da itatuwa da Turawa ke keɓewa a tsakiyar gari don hutawar jama'a. Gaskiya ne, shi ya sa a ke cewa wurin shaƙatawa, ko wurin shan iska. Amma a lura, duka biyun sunan abin da mutum ke yi a wurin ne, ba sunan wurin ba. Shaƙatawa daga shaƙa ta fito, watau jan numfashi. Wannan ba talaucin harshe ba ne. Hausa tana da kalmomi da yawa na ƙasa mai danshi da itatuwa, sai dai ko wace kalma da aikin da ta ke ɗauke da shi.

Kurmi shi ne inda itatuwa suka yi duhu, galibi a bakin ruwa. Fadama ita ce ƙasar da ruwa ke kwanciya da damina, a noma ta da rani. Lambu gonar rani ce da a ke ba ruwa da hannu ko da jigo, mutanen yamma kuwa, har da na ƙasar Katsina, su kan ce garka. Dausayi wuri ne mai laima da ɗanyar ciyawa inda dabbobi ke kiwo. Gandu babbar gona ce ta gida ko ta sarauta. Burtali hanyar shanu ce mai shinge dama da hagu. Fage da dandali filayen taruwa ne, na dambe da kokawa da gaɗa da kiɗa. Hurumi kuwa ita ce ƙasar da ke kewaye da gari wadda ba a yarda wani ya mallake ta shi kaɗai ba.

To, in mutum ya dubi wannan jeri zai ga babu kalma ko ɗaya da ke nufin wurin da aka dasa don kallo kurum. Bahaushe ya san inuwa, ya san daɗinta, a gindin cediya ko durumi a ke fadanci da karatu da saƙa da hira. Amma itacen da ya ba shi inuwa shi ne ya ba shi kalwa ko kuka ko magani. Ko kalmar nan fulawa, wadda a ke faɗa wa tsiron ado, aro ce daga Ingilishi, alhali kuwa muna da fure tun asali. Dalili shi ne fure na itacen da zai yi 'ya'ya ne, fulawa kuwa ba a jiran kome daga gare ta. Har wa yau kalmar aljanna asalinta a Larabci lambu ne, amma da ta shigo Hausa sai ta tsaya ga gidan lahira, ba ta sauko ta zama sunan wani fili na duniya ba.

3. Kurmin Jakara

Fili na farko mai itatuwa da tarihi ya ambata a Kano wurin tsafi ne. Littafin tarihin sarakuna ya nuna mutanen da ke zaune gindin Dala kafin zuwan Bagauda suna da shugaba mai suna Barbushe, suna bauta wa Tsumburbura, wadda mazauninta wani itace ne da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Suna kuma da wani kurmi a bakin Jakara inda su ke kai hadaya da baƙaƙen dabbobi, ruwansa baƙi ne, sun kuma gaskata itatuwansa ba su motsi sai wata masifa za ta auko wa gari. Ba sai an faɗa ba, kurmin da a ke tsoro haka ba mai sa masa gatari. Tsoro shi ne mai gadinsa na farko.

Tarihin ya ci gaba da nuna yadda sarakuna suka yi ta fama da wannan wuri. Sarki Tsamiya, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe katangar. A zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo da Musulunci daga Mali, aka gina masallaci a gindin itacen. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka sare itacen bisa shawarar babban malamin da ya zo daga arewa, aka ta da hasumiya a gurbinsa. Shi Rumfa ɗin kuma shi ya kafa kasuwa a bakin Jakara, ita ce har gobe a ke kira Kasuwar Kurmi.

Wannan suna abin lura ne ga mai nazarin harshe. Wanda ya shiga Kasuwar Kurmi a yau zai ga rumfuna da lunguna da 'yan koli da dukawa, ba zai ga kurmi ba. Shekara fiye da 500 ke nan kalmar tana gadin abin da ido ya daina gani. Wannan shi ne karo na farko da aikin wani fili ya faɗi a Kano, gini ya maye gurbinsa, suna ya saura. Za mu ga abin yana ta maimaituwa.

4. Abin da ganuwa ta ƙunsa

Sarki Gijimasu, daga 1095 zuwa 1134, shi aka ce ya fara ginin ganuwa, Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara faɗaɗawa cikin ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. An shigo da Dala da Gwauron Dutse, da fadamar Jakara, da gonaki masu faɗi, musamman ta yamma da arewa. Dalilin kuwa yaƙi ne. In maƙiya suka kewaye gari, sai mutanen ƙauyuka su gudo da dabbobinsu, dole a sami inda za a sauke su, da inda dabbobi za su yi kiwo, da inda za a noma abin da za a ci in tsarewa ta daɗe. Watau filin cikin birni rumbu ne na ranar wuya, sarki kuwa ba zai bari a cinye shi da gini ba, don ransa da sarautarsa suna rataye a kansa.

Kyaftin Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 15, da ƙofofi 15, mutanen gari kuwa tsakanin 30,000 da 40,000. Ya ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna, ga kuma wata fadama da ta kusa raba gari biyu daga gabas zuwa yamma. Dakta Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya zo a watan Fabrairu na 1851, ya sauka a unguwar Dala, ya hau dutsen ya dubi gari. Shi ma ya ga dabino da gwanda sun ɗago kai bisa katangun gidaje, ga kududdufai ko'ina, ga sarari mai faɗi tsakanin gidajen ƙarshe da ganuwa. A Katsina ma, wadda ya bi ta kafin Kano, ya iske haka, har ma fiye, domin ganuwarta ta kai mil 13, mutanen cikinta kuwa ba su wuce 8,000 ba a ƙiyasinsa, tun da yaƙe-yaƙe sun janye ciniki zuwa Kano.

Su kududdufan nan sun cancanci a tsaya a kansu. Ko wane gidan ƙasa rami ne ya haife shi, gama daga ramin aka haƙo ƙasar da aka yi tubali. Da damina ruwan unguwa ya gangara cikin ramin, gidaje su tsira daga ambaliya. Da rani a shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasar yaɓe, yara su kama tarwaɗa, a gefe kuma wani ya kafa ɗan lambunsa. Ba za a ɓoye ba, su Turawan biyu sun yi kukan ƙazantar ruwan da zazzaɓin da ya ke jawowa, kukansu kuwa yana kan hanya. Amma kududdufi yana da aiki, mutanen unguwa kuma sun san ranar da aka cike shi ruwa zai nemi hanya ta cikin ɗakunansu.

5. Gandun sarki da hurumin gari

Bayan ganuwa kuma akwai filaye iri biyu. Na farko gandayen sarauta ne, inda bayin sarki ke noma, sarki kuma ya kan fita can ya huta. Irinsu ne Fanisau, inda Clapperton ya je ya gai da Sarki Ibrahim Dabo, da Ɗorayi, da Nassarawa. Wannan fita ta sarki zuwa gandunsa ita ce mafi kusa da abin da a yau mu ke kira fita shaƙatawa, ragowarta kuwa ita ce Hawan Nassarawa da Hawan Ɗorayi da Hawan Fanisau, waɗanda bisa al'ada a ke yi cikin kwanakin salla. Cikin Gidan Rumfa kansa akwai sarari da manyan itatuwa, amma wannan na mutanen gida ne.

Na biyu shi ne hurumi, wanda ya ke na kowa. Kalmar daga tushen Larabci ta ke mai ma'anar hani. A fiƙihun Malikiyya gari yana da hurumi, watau inda mutanensa ke kiwo da yin itace, rijiya tana da nata, kogi da nasa, har itace mai 'ya'ya yana da nasa, ba a yarda wani ya yi abin da zai cuce su a ciki ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin irin waɗannan hukunce-hukunce. Ashe ke nan tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da dokar filin jama'a, da alƙalin da za a kai wa ƙara, da mai unguwa da dagaci waɗanda suka san iyakarsa. Dattawan garuruwan kudancin Katsina har yanzu suna iya nuna inda hurumin garinsu ya tsaya da inda burtali ya bi, ko da ya ke gonaki da gidaje sun shiga da yawa daga ciki.

6. Lambun Bature

A ƙasar Ingila, filin shan iska na jama'a ɗan zamanin masana'antu ne. Garuruwa sun cika da ma'aikata, hayaƙi ya rufe sama, annoba tana ta kisa, sai hukuma ta ga dole a keɓe wa talakawa wurin da za su shaƙi iska mai kyau. Haka aka buɗe filin Victoria a gabashin Landan a 1845, da na Birkenhead a 1847, wanda aka yi da kuɗin jama'a. Amurkawa suka kwaikwaya, suka soma babban filin tsakiyar birnin Niyok a 1858.

Amma ba wannan ne Turawa suka kawo Kano ba bayan da suka ci ta a watan Fabrairu na 1903. A 1897 likitansu Ronald Ross ya tabbatar sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Hukumar mulkin mallaka ta ɗauki wannan ilmi ta gina siyasa a kansa, ta ce lafiyar Bature ita ce ya zauna nesa da 'yan ƙasa. Gwamna Lugga ya sa aka tsara garuruwa bisa dokar 1917, aka kuma ƙa'ida a bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da ta sauran mutane, ba a gini a cikinsa. A irin wannan fili da kewayensa aka yi filin sukuwa da na holo da na golf. A filin sukuwar Kano ne jiragen sama na farko suka sauka a Nijeriya, a watan Nuwamba na 1925.

Saboda haka Nassarawa, wadda dā gandun sarki ce, ta zama unguwa mai faffaɗan tituna, maɗaci da mangwaro dama da hagu, ko wane gida da filinsa da fulawarsa da mai yi masa ban ruwa. A nan ne kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909. Kyau kam ta yi kyau, amma koren nan shinge ne. Talakan birni ya kan shige shi da rana in yana da aiki, da dare kuwa ba wurinsa ba ne. A karo na farko ke nan aka sami fili mai itatuwa a Kano wanda aikinsa shi ne raba mutane.

Abu ɗaya na wancan zamani ya tsallake shingen ya zama na kowa, shi ne itacen nan ɗan asalin Indiya da aka fara dasawa a Barno a 1928, ya bazu ko'ina cikin Arewa, a bakin hanya da kasuwa da makaranta da ofishin En'e. Sabo da baƙo ne, ko wace ƙasa ta raɗa masa nata suna. Kano ta ce darbejiya, wasu suka ce dogon yaro don saurin girmansa, wasu maina, a wajen Katsina da Maraɗi kuma a kan ji beɗi. Yawan sunayen nan shaida ce ta cewa ya shigo ne bayan karorin Hausa sun riga sun zauna, ba kamar kuka ko tsamiya ba, waɗanda sunansu ɗaya ne daga Kano har Sakkwato.

Wani canji kuma, wanda ido bai gani ba amma ya fi duka nauyi, shi ne na doka. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna. A lokaci guda kuma yaƙi ya ƙare, ganuwa ta rasa aikinta, filin cikinta ya daina zama rumbun ranar wuya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwarara. Daga nan fili ya soma zama kuɗi.

7. Daga Audu Baƙo zuwa yau

Filin shaƙatawa na jama'a irin na hukuma bai kafu sosai a Kano ba sai bayan mulkin kai. Wasu garuruwa sun riga ta. A Kaduna akwai lambun gwamnati na bakin kogi, inda aka kafa gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru a 1954, wanda daga baya aka sani da Gamji. A Yamai an buɗe gidan tarihi mai haɗe da gidan namun daji a 1959, aka kuma soma kewaye birnin da ɗamarar darbejiya a 1965.

Da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo ya zama gwamnanta har 1975. A farkon shekarun 1970 ya kafa gidan namun daji a kudancin birni, wajen Gandun Albasa, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. A zamaninsa ne kuma aka yi madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka gina masaukin baƙi a bakinsu. Gidan Zu ya karɓu ƙwarai. Ran salla yara su kan cika shi maƙil, daga birni da ƙauyuka, har da na jihohin maƙwabta, makarantu kuma su kan kai ɗalibai. Ko da ya ke zaki da giwa da jimina a ke zuwa gani, babbar dukiyar wurin ita ce itatuwansa, gama babu wani wuri kusa da tsakiyar gari da talaka zai shiga ya iske inuwa mai yawa haka a haɗe.

Amma a daidai lokacin da hukuma ke kafa fili ɗaya, ɗaruruwa suna ɓacewa. A ƙidayar 1952 mutanen Kano da kewayenta wajen 130,000 ne, yanzu kuwa sun haura miliyan 3. Gonakin cikin ganuwa sun zama unguwanni. Bulo da siminti sun maye gurbin tubali, kududdufi ya rasa aikinsa na farko, sai aka mai da shi juji, in ya cika a yanka shi fuloti. Ruwan sama kuwa bai san an sayar da mazauninsa ba, shi ya sa unguwanni da yawa ke fama da ambaliya ko wace damina. Masu lambu na bakin Jakara da Getsi sun daɗe suna ba gari latas da kabeji da alayyafo, amma da ruwan kwata da na masana'antun Bompai su ke ban ruwa. Bayan 2011 kuma aka shiga aikin rufe Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kanta. Ita kanta ganuwa an ci ta a wurare da yawa, an ɗebi ƙasarta, an yi gini a gurbinta.

Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar mallaka. Sakamakon haka shi ne, filin da ba shi da mai shi guda ɗaya wanda zai tsaya ya yi ƙara, shi ya fi sauƙin yankawa. Dā hurumi na kowa ne, don haka kowa ke tsaronsa. Yanzu filin jama'a na gwamnati ne, tsaronsa kuwa ya dogara ga ra'ayin wanda ke kan kujera. An ga misalin wannan a fili. A zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje an ba da sanarwar niyyar ɗauke Gidan Zu zuwa Tiga, mutane suka yi ta ƙorafi, gidan dai bai tashi ba. A watan Yuni na 2023 kuma sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a filin sukuwa da kantunan Filin Idi, masu kantuna suka kai ƙara kotu. Ba aikin wannan takarda ba ne ta raba gardamar 'yan siyasa. Abin lura shi ne filin da wannan gwamnati za ta yanka, waccan ta rushe, ba shi da mai tsaro tabbatacce.

8. Sunayen da suka saura

Wanda ya ke son ya ga Kanon dā mai itatuwa, to, ya saurari yaran mota suna kiran unguwanni. Ɗorayi jam'in ɗorawa ce, Giginyu jam'in giginya. Ga Kurna, ga Tsamiyar Boka, ga Rimin Kebe, ga Rimin Gata inda sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya ke, ga Kasuwar Rimi. Cikin birni ga Durumin Iya da Durumin Zungura, ga Kukar Bulukiya. Ga Rijiyar Lemo, ga Dausayi, ga Gandun Albasa. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan dā kwatance ne na gaskiya, matafiyi ya kan hango itacen daga nesa ya san inda ya iso. Yau galibinsu kwalta ce da kantuna.

Siffar sunayen ma tana koyar da wani abu. Inda aka yi jam'i, kamar Ɗorayi da Giginyu, itatuwan suna da yawa, watau gonaki ne ko fadama. Inda aka jingina itace guda ga wani mutum, kamar Durumin Iya ko Tsamiyar Boka, itace ne sananne mai ma'abuci, wanda a ke zama a gindinsa. Sunayen sababbin unguwanni kuwa galibi na mutane ne ko na ma'aikatu ko lambobi. Birnin da ya daina kiran wurarensa da sunan itace ya riga ya daina ganin itacen.

9. Ga malaman makarantun horon malamai

Wannan magana ta shafi mutanen kudancin Katsina fiye da yadda ta shafe su dā. Shekarun nan na 'yan bindiga sun mai da daji abin tsoro a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kowa kuma yana tune da ɗaliban da aka kwashe daga makarantar sakandaren Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, su fiye da 300. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma garuruwa. Yaron da ya tashi haka ba zai san kaɗanya da taura da ɗinya kamar yadda ubansa ya san su ba, kalmomin da muka jera a sashe na 2 za su zama masa baƙi. Garuruwan da su ke komawa kuma, kamar Funtuwa da Malumfashi, suna kan hanyar da Kano ta bi, fadamunsu da huruminsu suna shiga ƙarƙashin gini.

Saboda haka malamin da zai kai ɗalibai Kano kada ya tsaya ga Gidan Zu kaɗai. Ya fara da hawa Dala, ya nuna musu Gwauron Dutse da inda ganuwa ta bi, ya gaya musu abin da Clapperton da Barth suka gani daga wajen nan, su gwada da abin da idonsu ke gani. Sa'an nan ya sauko da su Kasuwar Kurmi su tambayi ina kurmin. Daga nan su ratsa Nassarawa su ga tsofaffin itatuwan bakin titi, kana su ƙare a Gidan Zu, su rubuta sunan ko wane itace da suka gane, da sunan da a ke kiransa a garinsu. In sun koma gida, ko wane ɗalibi ya je wurin dattawan garinsu ya rubuto sunayen unguwanni da gonaki da fadamu waɗanda aka samo daga itace ko ruwa, ya binciko ko abin yana nan ko ya tafi, ya kuma tambayo iyakar hurumi da burtali, da wanda ke tsaronsu a yanzu. In makarantu goma suka yi haka shekara uku, za a tara abin da masu nazarin harshe da masu tsara garuruwa duka za su amfana da shi, tun dattawan da suka san iyakokin suna da rai.